Darasi: Gudan Jinin da ke Tashi daga Ƙafa ya Toshe Huhu

Akwai mutuwar da ke zuwa ba sallama, kuma da wuya a sami gari a Damargu da bai san irinta ba. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, ana cikin wankan jego, sai wata safiya ta tashi za ta zaga, numfashi ya sarƙe mata, ta dafe ƙirji ta faɗi. Ko kuwa magidanci ya karye a ƙafa, mai ɗori ya ɗaure shi, ya yi makonni a kwance. Ranar da ya fara ɗingisawa ana murna, ranar haki ya kama shi, kafin a ɗaura jaki a amalanke rai ya yi halinsa. Mutane sukan ce iska ce, ko sanyi ne ya shiga ƙirji, ko hannun wani ne. Rai na Allah ne, kowa kuma da kwanansa. Amma cikin irin waɗannan mace-mace akwai waɗanda sanadinsu abu ne da na'ura ke gani, magani kuma yana tare shi in an zo da wuri. Gudan jini ne da ya daskare a jijiyar ƙafa, ya ɓalle, ya bi jini ya je ya toshe hanyar huhu.

A wannan darasi za mu koyi yadda gudan ke samuwa, da alamomin da yake nunawa, da abin da ya kamata iyali su yi da wanda bai kamata ba. Za mu daɗe a kan wani sanadi guda da mutane kaɗan suka sani, wato kumburin jijiyar bayan gwiwa, domin shi yakan ɓuya, ya yi ta aika gudajin jini zuwa huhu alhali ƙafar tana nan sumul.

Hanyar da jini ke bi

Jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu ɗauko jini daga zuciya su kai shi ko'ina a jiki. Su ne masu bugawa, waɗanda kake ji in ka ɗora yatsa a wuyan hannunka. Akwai kuma masu mayar da jini zuwa zuciya. Waɗannan ba sa bugawa, bangonsu siriri ne, jinin cikinsu duhu ne, tafiyarsa kuma a hankali take. Darasinmu a kan na biyun yake.

Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau sama kafin ya koma zuciya, hawa kuwa ba ya yiwuwa sai da mai turawa. Mai turawar shi ne naman sha-raɓa. Duk takun da ka yi, naman yana matse jijiyoyin da ke can ciki, jini ya haura. A cikin jijiyoyin akwai ƴan ƙofofi masu buɗewa sama kawai, suna hana jinin zubowa baya. Ƙananan jijiyoyin sha-raɓa suna haɗuwa su zama babba guda a ramin bayan gwiwa. Daga nan ta bi cinya, ta shige mara, ta haɗu da ta ɗaya ƙafar, su zama babbar jijiyar da ke zuba jini a ɓangaren dama na zuciya.

Daga ɓangaren dama jini ba ya tsallakawa hagu kai tsaye. Sai ya ratsa huhu ya ɗauki iska tukuna. Wani malamin likitanci Musulmi, Ibn Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana haka tun ƙarni na 13. A jikin babban mutum akwai jini kimanin lita 5, kuma kusan duka yana bi ta huhu cikin kowane minti ɗaya. Abin lura a nan shi ne, daga ƙafa zuwa zuciya hanyar ƙara faɗi take yi, amma daga zuciya zuwa cikin huhu ƙara tsukewa take yi, tana rarrabuwa. Saboda haka duk abin da ya ɓalle daga ƙafa ba inda zai maƙale sai huhu.

Me ke sa jini ya daskare a cikin jijiya?

Daskarewar jini rahama ce. Ba don ita ba, ƙaramar yankan lauje ta isa ta zubar da jinin mutum duka. Illar tana zuwa ne idan ya daskare a ciki, inda babu rauni a waje. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ne a wajajen 1856 ya tabbatar cewa gudan da ake tararwa a huhun mamaci ba a nan ya samu ba, daga jijiyoyin ƙafa da na mara ya taso. Likitoci har yau suna kasa sanadin gida uku suna jingina wa sunansa: jini ya rage gudu ya kwanta, ko bangon jijiya ya sami rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa.

Ku tuna da ƙorama a damina. Inda ta tsuke, ruwa yana wucewa da ƙarfi, ba ya ajiye komai. Inda ta buɗe ta yi lungu a gefe, ruwan yakan yi ta juyi a wuri ɗaya, yashi da kara da ganye su taru. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, sai tarkacen ya tashi gaba ɗaya ya je ya toshe kwalbatin da ke ƙarƙashin hanya. Haka jini yake a jijiya: inda ya sami wurin kwanciya yakan yi guda, gudan kuma yakan tashi.

Kumburin jijiyar bayan gwiwa

Babbar jijiyar nan ta bayan gwiwa, faɗinta a mai lafiya bai cika wuce santimita 1 ba. A wasu mutane bangonta yakan yi rauni a wuri guda, ya saki, ya buɗe. Wani lokaci jijiyar ce ke kumbura ta kowane gefe, amma an fi samun wanda gefe ɗaya ne ke turowa ya yi aljihu. Idan faɗin wurin ya ninka na asali, likitoci sukan ce jijiyar ta yi kumburi na ciwo, in ya kai santimita 2 ko ya wuce kuwa, hankalinsu yakan tashi. A cikin aljihun nan jini ke juyi ya daskare. Ga shi kuma a gwiwa yake, wurin da ke lanƙwashewa da miƙewa duk yini, a ruku'u da sujada, a tsuguno, a hawan raƙumi da babur. Kowace lanƙwasa tana matse aljihun, tana iya fitar da abin da ya taru a ciki.

Ciwo ne da ba a cika samu ba. Likitoci biyu, May da Nissl, su ne suka fara ba da labarinsa a wata mujallar likitanci ta harshen Jamusanci a 1968. A 1976 wani likita mai suna Dahl da abokan aikinsa a Amurka suka rubuta labarin majinyacin da gudajin jini suka yi ta toshe masa huhu sau da sau, aka bi sawu aka tarar daga wannan kumburi suke fitowa. Daga lokacin zuwa yau, waɗanda aka rubuta labarinsu a duniya duka ɗaruruwa ne kawai. Yana kama maza da mata, kuma ba sai tsofaffi ba.

To, in haka ne, don me za mu ɓata lokacin aji a kansa? Dalili biyu ne. Na farko, a da yawa daga cikin masu wannan ciwo ƙafar ba ta kumbura, ba ta ciwo. Aljihun yana can ƙasa da nama da kitse, hannu ba ya jin sa. Mutum yana noma, yana kiwo, yana ɗiban ruwa a rijiya, sai kawai numfashi ya yanke masa. A ba shi maganin ciwon haƙarƙari ya ɗan samu sauƙi, bayan wata biyu abin ya dawo, a ce tarin fuka ne, a ce asma ce, a ce zuciya ce. Kowa ƙirji yake dubawa, ba wanda ya tuna da bayan gwiwa. Na biyu, maganin hana daskarewar jini shi kaɗai sau da yawa ba ya isa a wannan ciwo. An ga mutanen da suke shan maganin daidai amma gudan ya sake tashi, domin aljihun yana nan yana tara wani. Wanda ke da shi aiki yake bukata. Kuma ba za a yi aikin ba sai wani ya yi tunanin dubawa.

Ga ƙa'idar da nake so kowane ɗalibi ya riƙe. Duk wanda aka tabbatar gudan jini ya toshe masa huhu ba tare da wani dalili na fili ba, wato bai yi jinya a kwance ba, ba a yi masa aiki ba, bai yi doguwar tafiya ba, ko kuwa abin ya maimaitu, to ya roƙi likita a duba masa jijiyoyin ƙafafunsa biyu da na'urar eko, har da bayan gwiwa. Ana so a duba shi yana tsaye, domin in yana kwance jini yakan zurare daga aljihun ya lotse, mai dubawa ya wuce shi bai gani ba.

A wasu mutane kaɗan kumburin yakan fito fili, a ga ƙullutu mai laushi a bayan gwiwa, yana cika in an tsaya, yana raguwa in an kwanta an ɗaga ƙafa. Ba kowane ƙullutun bayan gwiwa ne wannan ba. Wanda aka fi samu shi ne na ruwan gwiwa, musamman ga masu ciwon gaɓoɓi. Akwai kuma kumburin jijiya mai bugawa, wanda za ka ji yana harbawa a ƙarƙashin yatsa. Ido da hannu ba sa iya rarrabe su da tabbaci. Eko ce ke rarrabewa.

Waɗanda abin ya fi kamawa a wajenmu

Kumburin jijiya kaɗan ne, amma gudan jini a ƙafa ba kaɗan ba ne. A ƙasashen Turai da Amurka, inda aka ƙirga, cikin manya 1,000 ana samun mutum 1 zuwa 2 a kowace shekara. Manomin gero na Gangara ko Olalewa, da makiyayin Tanhiya ko Tarka da ke bin dabbobi tun asuba, ƙafafunsu suna aiki, jininsu ba ya samun wurin kwanciya. Hatsarin yana zuwa ne ran da mai yawo ya zauna ko ya kwanta.

Maijego ce kan gaba. Ciki yana ninka hatsarin gudan jini sau 4 zuwa 5, domin mahaifa tana danne manyan jijiyoyin mara, jiki kuma yana shirya jinin ya yi saurin daskarewa don kada ta zubar da shi a haihuwa. Hatsarin ya fi tsanani a makonni 6 na farko bayan haihuwa, wato kusan daidai da kwana arba'in ɗin jego. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri ta fi kowa. Al'adarmu ta hutar da maijego abu ne mai kyau, ya kamata a riƙe shi. Amma hutu ba ya nufin kwanciya yini guda a gado. Ta tashi ta zaga tsakar gida sau da yawa a yini, ta sha ruwa sosai, ta riƙa motsa idon sawu ko tana zaune tana shayarwa. Akwai kuma wani ciwon na masu jego da bai kamata a haɗa shi da wannan ba. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi nazarinsa a shekarun 1970: zuciyar maijego ce ke gazawa, ƙafafu biyu su kumbura, haki ya hana ta kwanciya, kuma sun danganta yawansa da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da na gado. Shi ma na asibiti ne, ba na jira ba.

Sai matafiyi. Damargu ƙasar hanya ce tun zamanin ayari, lokacin da raƙuma ke ɗaukar geronta zuwa Abzin. Amma ɗan ayari yana sauka yana tafiya da ƙafa. Na yau yana cushe a mota, gwiwa a lanƙwashe, kaya a kan cinya. Daga Damagaram zuwa Yamai kimanin kilomita 900 ne. Ƴan cin rani masu nufin Libiya da Aljeriya ta Agadas sukan yi kwanaki a bayan mota, cikin zafi, suna taƙaita shan ruwa. Maniyyata aikin Hajji da Umra sukan yi fiye da awa 4 a jirgi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2007 cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka hatsarin gudan jini kusan sau biyu, a jirgi ne ko a mota. Ga mai lafiya hatsarin ƙarami ne duk da haka, kimanin mutum 1 cikin 6,000. Maganinsa kuma kyauta ne: duk inda mota ta tsaya, don salla ko don abinci, sauka ka taka. Kana zaune ka riƙa ɗaga diddige da yatsun ƙafa. Kada ka ƙi shan ruwa don gudun fitsari.

Akwai kuma wanda ya karye aka ɗaure masa ƙafa, da wanda aka yi wa aiki, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da tsohon da jinya ta kwantar. Ciwon daji, tarin fuka, sida da amosanin jini duk suna ƙara wa jini saurin daskarewa. Haka ma ƙiba da shan taba. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, masu sinadarin estrojin, ba su dace da macen da ta taɓa yin gudan jini ba, ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Akwai wasu hanyoyin da suka dace da ita, unguwarzomar asibiti za ta zaɓa mata in ta gaya mata tarihinta.

Alamomi

A ƙafa: ƙafa ɗaya ce ke kumbura, ba biyu ba. Sha-raɓa ta yi tauri, ta yi nauyi, ta yi ciwo musamman in an taka, ta fi ɗayar zafi in an taɓa. Fatar takan yi sheƙi ko ta ƙara duhu. In ƙafafu biyu ne suka kumbura daidai, an fi zaton zuciya, ko ƙoda, ko hawan jinin masu ciki.

A ƙirji: numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko haki ya zo a aikin da mutum ya saba yi ba wahala. Ciwo mai suka a ƙirji da ke ƙaruwa in an ja numfashi. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Tari, wani lokaci da jini a kaki. Jiri, gumi, suma. Ƙaramin guda yakan toshe ƙaramar hanya, mutum ya sha wuya ya tashi. Babba yakan toshe babbar hanyar gaba ɗaya, zuciya ta kasa turawa, mutum ya cika cikin mintuna. Sau da yawa ƙananan ne ke fara zuwa kafin babban. Wanda ya je asibiti a kan na farko ya sami sarari.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu, maza da maza, mata da mata. Ku aro awon tela, in babu ku sami zare. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan muna son awo. Ku nemi ƙashin da ya ɗan turo ƙasa da ƙoƙon gwiwa, ku auna santimita 10 ƙasa da shi, ku zagaya sha-raɓa a wurin. Ku yi haka a ƙafa ta biyu, ku rubuta lambobin a littafinku. Bambancin da ya wuce santimita 3 alama ce da likitoci ke ɗauka da muhimmanci. Bayan haka ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannun abokin zama, ku ƙirga bugun na minti ɗaya da agogon waya. Ga babba mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100. Ku ƙirga numfashinsa ma: tsakanin 12 da 20 a minti. Wanda ya iya wannan a aji zai iya shi da tsakar dare a ɗakin maijego.

Abin da ba a yi

A nan ne ƙauna kan yi ɓarna. Mu karanta wannan hira, irin wadda ake yi a kowane gida.

"Inna, ƙafar nan tawa ta hagu tun jiya ta yi nauyi, sha-raɓar kamar za ta tsage."

"Sanyin jego ne, ƴar nan. Kawo in gasa miki da ruwan zafi in murza ta da man shanu. In bai sauka ba gobe a kira wanzami ya yi ƙaho."

"Inna, a makaranta an ce ƙafa ɗaya in ta kumbura wa maijego ba a murza ta. A kira Baban yara ya nemo mota."

Surukar ba mugunta take nufi ba, abin da aka yi mata ne take son yi wa matar ɗanta. Amma tausa da murza suna iya ɓalle gudan da ke manne a bangon jijiya su tura shi huhu. Ƙaho ba ya kai ga gudan, domin yana can cikin nama, jinin fata kawai ƙahon ke ja, ya bar rauni. Mafi muni ita ce sakiya a bayan gwiwa. In ƙullutun jijiya ce, aska na shiga jini zai ɓalle, ba kuwa mai iya tsayar da shi a ƙauye. Wanzamanmu da masu ɗori mutane ne masu daraja, mutane kuma suna jin maganarsu. Wanzamin da aka kawo wa ƙullutun bayan gwiwa ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku kai shi asibiti," ya yi aikin da ya fi na aska. Mai ɗori kuma in ya ga ƙafar da ya ɗaure ta kumbura har cinya, ko majinyacin ya fara haki, ya sassauta ɗauri ya tura shi.

Hanyar asibiti

Nisa shi ne babban abokin gabarmu. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150 ne a kan hanyar Agadas. Belbeji, wadda ta zama gundumar kanta a 2011, tana yamma, kuma yawancin ƙauyuka da rugagen ƙasar Tarka sai an ratsa yashi kafin a kai kwalta. Mutumin birni zai iya cewa bari mu gani zuwa gobe. Mu ba mu da wannan sararin, domin gobenmu a hanya take ƙarewa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, a tafi cibiyar lafiya ta CSI a ranar. Numfashi ya sarƙe, a tafi a lokacin, ko dare ne.

Mai haki kada a sa shi tafiya da ƙafa. A ɗauke shi, a jingine shi zaune-zaune, a sassauta masa tufa. In ya suma kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. A kira ma'aikacin lafiya ta waya tun kafin a isa, ko za a sami motar asibiti. Daga CSI za a iya tura shi asibitin gunduma, daga nan Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram. A riƙe takardar turawa da duk magungunan da yake sha.

Abin da za a gaya wa likita yana da nauyi ƙwarai, domin wannan ciwo yana kama da ciwon haƙarƙari da na zuciya. Kada a tsaya a "yana haki" kawai. A faɗi yaushe ta haihu, ko yaushe ya dawo daga tafiya, ko kwana nawa ya yi a kwance. A faɗi ko ƙafa ta kumbura kafin hakin, da ko irin wannan ya taɓa faruwa gare shi ko ga wani a danginsa. Ekon jijiya irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce, ba ta da zafi ba ta da allura, sai dai tana bukatar wanda ya ƙware a duba jijiya. Huhu kuma da sikana ake tabbatar da toshewarsa a manyan asibitoci. In zato ya yi ƙarfi, likita yana iya fara magani tun kafin a kai ga hoto.

Magani

Ana farawa da allurar heparin, galibi a fatar ciki, sannan a koma ƙwayoyi. Magungunan nan suna hana gudan girma, suna hana sabo samuwa, jiki kuma ya narkar da tsohon sannu a hankali. Amfaninsu ba zato ba ne. A 1960 likitoci biyu a Ingila, Barritt da Jordan, sun gwada a kan majinyata 35 masu toshewar huhu. Cikin 19 da ba a ba maganin ba, 5 sun mutu da ciwon. Cikin 16 da aka ba, ba wanda toshewar ta kashe.

Ana shan ƙwayoyin aƙalla wata 3, wasu fiye da haka. Tsofaffin irin, warfarin da Sintrom, suna bukatar gwajin jini mai suna INR a kai a kai don a daidaita yawansu. Sababbin, irin su rivaroxaban da apixaban, ba sa bukatar gwajin amma sun fi tsada. Kada a daina don ƙafa ta sace ko numfashi ya dawo. Warfarin da Sintrom suna cutar da ɗan tayi, don haka mai ciki allura ake ba ta, wadda kuma ta ɗauki ciki tana shan su ta koma asibiti nan da nan. Maganin tarin fuka, rifampisin, yana rage musu ƙarfi, sai a gaya wa likita. Ganyen miya da kwaɗon zogale ba a hana su ba, amma kada a sauya yawan cinsu farat ɗaya.

Mai shan waɗannan magunguna jininsa ba ya saurin tsayawa. Ba shi ba ƙaho, ba shi ba tsaga, ba shi ba cire haƙori sai da sanin likita. Kada ya sayi aspirin, ibuprofen ko diklofenak a hannun masu yawo da magani a kasuwa, domin haɗa su da maganin yana jawo zubar jini a ciki. In ya ga haɓon da ya ƙi tsayawa, ko jini a dasashi, ko jan fitsari, ko baƙin kashi, ko hailar da ta wuce ƙima, ko ciwon kai mai tsanani, ya koma asibiti a ranar. In azumi ya zo, ya tambayi likita lokacin sha, ya tambayi malami hukuncin majinyaci.

Wanda aka samu da kumburin jijiyar bayan gwiwa, likitan fiɗa yakan yanke aljihun ya ɗinke gefen jijiyar, jini ya ci gaba da bin hanyarsa. In wurin ya lalace da yawa, a yanke shi a haɗa bakin biyu, ko a dasa guntun wata jijiyar daga jikin mutumin. Bayan aiki yakan sha maganin hana daskarewa na wasu watanni. Sakamakon aikin yana da kyau, da wuya gudan ya sake tashi zuwa huhu. Aiki ne na ƙwararru, yana iya kai iyali har Yamai. Ya kamata dangi su haɗa hannu a kan kuɗinsa, ko da za a sayar da dabba, domin wanda aka yi wa yakan koma gonarsa.

Tambayoyi

1. Don me gudan da ya tashi daga ƙafa yake maƙalewa a huhu, ba a cinya ko a zuciya ba?

2. Maƙwabciyarki ta haihu kwana 12 da suka wuce, ƙafarta ta dama ta fi ta hagu da santimita 4. Me za ki yi, me kuma za ki hana a yi?

3. Wani saurayi makiyayi an yi masa maganin toshewar huhu sau biyu, ƙafarsa ba ta taɓa kumbura ba. Ina ya kamata a duba, kuma a tsaye ko a kwance?

4. Daga garinku zuwa CSI mafi kusa, wace hanya ake bi da dare, kuma wa ke da abin hawa?

Tambaya ta huɗu ba a littafi za ku amsa ta ba. Kafin zama na gaba, kowa ya samo lambar wayar ma'aikacin CSI na yankinsu da ta mai mota ɗaya a garin, ya rubuta su a bangon littafinsa. Ku kuma karanta wa wanzamin unguwarku da unguwarzomar gargajiya sashen da ya yi magana a kan tausa da sakiya, domin su ake fara kira kafin kowa.